Dutse Mai Ciki

Kakata ce ta fara furta kalmar, kuma ba da niyyar hikima ta furta ta ba, tsokana ce irin ta kaka da jika. Ana haƙar rijiya a bayan gidanmu, ina ɗan shekara tara ko goma, na kasa na tsare a bakin rami ina kallon ƙasar da ake jawowa guga bayan guga: baƙa tukuna, sai ja, sai marmara wadda ta ci wa mutanen kwana huɗu, sai wata laka mai danƙo. Da la'asar sakaliya mai haƙar ya hauro, jikinsa ya yi jawur, ya laluba aljihun guntun wandonsa ya miƙo mini wani abu.

"Ungo, yaro. Kaɗa ka ji."

Dutse ne mulmulalle, launin tsatsa, bai fi ƙwan agwagwa ba. Na kai shi kunne na kaɗa, sai wani abu ya amsa daga ciki, ƙwas-ƙwas, kamar tsohuwar goruba da ƙwallonta ya saki. Na juya shi ta ko'ina, babu huda, babu tsaga, babu inda za a ce nan aka bi aka sa wani abu. Na ruga na kai wa tsohuwa. Ta kaɗa, ta ƙara kaɗawa, sannan ta mayar mini.

"Kai, angona, ai dutsen nan ciki gare shi. Maza ka ajiye shi a hankali, kada ka sa shi ɓari."

Matan gidan suka yi ta dariya, aka wuce wurin. Ni kuwa kalmar ta maƙale mini har yau.

Da wuya a sami kalmar da Bahaushe ya ɗora wa kaya kamar ciki. Ciki ne tumbin da ake zuba wa tuwo, ciki ne ɗakin da ake shiga, ciki ne abin da mace ke ɗauka wata tara. Murna farin ciki ce, ɓacin rai baƙin ciki, sai ka ce rumbu ne guda da aka raba wa ɗaki biyu. Wanda ba ya faɗin damuwarsa mai zurfin ciki ne. Waɗanda uwa ɗaya ta haifa ciki ɗaya suke. Ko zamanin da muke rayuwa, halin da ake ciki muke ce masa, kamar dai mu ne 'yan tayin, duniya ce mai ɗauke da mu. An ce ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba, an kuma ce ciki da gaskiya wuƙa ba ta huda shi. Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne yadda kalma ɗaya ta ɗauki wofi, ta kuma ɗauki akasinsa. Cikin tulu sarari ne, amfaninsa ke nan, da babu wannan sararin da tulu curin yumɓu ne kawai. Cikin mace kuwa cika ne, har ta kasa sunkuyawa. Wasali ɗaya ne tak tsakanin ciki da cika.

To amma dutse? Ai shi ne abin da muka yarda ba shi da ciki. Yadda bayansa yake haka tsakiyarsa take, ka fasa shi gida goma ka sami duwatsu goma. Shi ya sa aka ce mai haƙuri ne ke dafa shi har ya sha romo, don an san babu romon. Shi ya sa fitowar taguwar Annabi Salihu daga dutse ta zama mu'ujiza, don an san dutse ba ya haihuwa. A kacici-kacici, ɗakin samari babu ƙofa ƙwai ne, kuma an gargaɗe mu kada a haɗa ƙwai da dutse. Sai ga shi a tafin hannuna an haɗa su, ɗaki babu ƙofa, bangonsa na ƙarfe, da wani a ciki yana ƙwanƙwasawa.

Sai da na girma na tarar ashe an riga kakata wannan tsokanar da shekaru kusan dubu biyu. Wani marubucin Rumawa, Filini Babba, wanda ya mutu a shekara ta 79 lokacin da dutsen Besubiyas ya yi aman wuta, ya kawo labarin wani dutse da mutanensa ke kira dutsen gaggafa. Sun yi imani a sheƙar gaggafa ake samunsa, kuma ba ta iya ƙyanƙyasa sai da shi. Siffarsa ita ce ta nawa: in an kaɗa, wani dutse na motsi a cikinsa kamar ɗa a mahaifa. Ƙarni bayan ƙarni matan Turai suna ɗaura shi a dantse don kada ciki ya zube, in naƙuda ta zo a mayar da shi cinya. Kakata ba ta taɓa jin sunan Rum ba sai a bakin masu tafsiri, amma kunnenta da nasu abu ɗaya suka ji.

Bayanin masana ya fi wannan sanyi, ko da yake ni ban ga ya rage wa abin armashi ba. Dunƙulen laka ne mai ƙarfe a jikinsa. Ruwan sama mai iska ya yi ta ratsa shi daga waje, ƙarfen ya yi tsatsa ya taru a gefe ya zama ɓawo mai tauri, abin da ya rage a tsakiya ya rasa ƙarfensa, ya bushe, ya tsuke, ya rabu da bangon. Shi ne ɗan da ke motsi. Uwar da ɗan jiki ɗaya ne tun asali.

Irin wannan dunƙule na rasa sunan da ya fi dacewa da shi sama da curi. Mai fura takan ɗebo abin da yake warwatse, ta haɗa shi a tafin hannu, ta cura, ta mulmula. Ƙasa ma tana curi, sai dai ita ruwa ne hannunta. Laka da rairayi suna kwanciya a ƙasan teku ko tafki, shimfiɗa kan shimfiɗa, kuma tsakanin ƙwayoyinsu akwai 'yan ƙofofi da ruwa ke bi. Ruwan nan ɗauke yake da narkakken dutse. Wanda ya taɓa leƙa cikin tsohuwar butar mai shayi ya ga farin ɓawon da ya kama gindinta, ko ya ga gishirin da gumi ke bari a bakin hula, ba ya bukatar a rantse masa. Sai dai ma'adinan da ke cikin ruwa ba sa sauka haka siddan, sai sun sami dalili. Dalilin kuwa galibi gawa ce: kifi, ƙaguwa, katantanwa, ganye, haƙori, wani lokaci ma kashin wata dabba. Abin ya mutu, laka ta rufe shi, ƙwayoyin bakteriya suka hau cinsa. Abin da ke fita daga ruɓewar yana da sinadarin kabon, ya bazu cikin ruwan da ke kewaye, ya gamu da kalsiyam ko ƙarfe, su biyun suka zama siminti, suka liƙe ƙwayoyin lakar wuri ɗaya. Da yake bazuwar ta kowace fuska take tafiya daidai wa daida, sai abin ya fito a mulmule. Inda ruwa ya fi samun hanya ta gefe, sai ya fito a baje kamar waina.

Nan ne curi ya rabu da tsakuwar rafi, ko da ido ba ya raba su. Tsakuwar rafi gogayya ce ta mulmula ta, ta yi tafiya mai nisa tana asarar kusurwoyinta. Curi bai je ko'ina ba, inda aka haife shi nan ya girma. Ita ragi ya yi ta, shi ƙari.

Ba sai an ƙetare teku za a ga wannan ba, don tekun da kansa ya taɓa zuwa har gida. Shekaru wajen miliyan 60 da suka wuce, wani reshen teku ya ratso Sahara ya kwanta a kan ƙasar Sakkwato da Tawa da gabashin Mali. Farin dutsen da ake ƙonawa a yi siminti a Kalambaina gadon wannan teku ne. A ƙarƙashinsa akwai lakar da masana suka raɗa wa sunan Dange, cike da 'yan curarraki na fosfet, tare da haƙoran kifaye da ƙasusuwan kada da kunkuru. A yankin Tawa ana tsince irin waɗannan curarraki a niƙa su a yi takin zamani, gero ya ci abin da kifi ya bari. Kai, ko jar tsakuwar nan mulmulalliya da ke zame wa mai babur a hanyar ƙauye, da yawanta curi ce. Damina ta narkar da ƙarfen ƙasa, rani ya daskarar da shi, wata daminar ta ƙara masa riga. A irin wannan marmara maƙeran da suke neman tama, har da waɗanda suka zauna gindin Dala kafin a san za a yi birnin Kano.

Amma curin da ya fi tsaya mini a rai yana Amurka, a wani wuri da ake kira Mazon Creek a jihar Ilinoi. Masu haƙar kwal sun tara tsibin ƙasa a can, cike da dunƙulallun duwatsu masu ƙarfe, 'yan shekara fiye da miliyan 300. In an buɗe su sai a ga ganye da jijiyoyinsa, ko ƙwaro da fukafukansa, har da halittu masu taushin jiki waɗanda ba su da ƙashi ko ɗaya da zai saura. A 1955 wani mai aikin haɗa bututu, Francis Tully, ya buɗe wani ya ga abin da ba a taɓa gani ba: jiki kamar na kifi, dogon hanci da ya ƙare da baki mai haƙora kamar awartaki, idanu biyu a kan wani sanda da ya gitta bayansa. Ya kai gidan tarihi na Field a Shikago, masana suka duba suka kasa sa shi a dangin kowa. A 1966 aka ba shi suna da sunan mutumin, dodon Tully, kuma har yanzu ana ja-in-ja a kan ko yana da ƙashin baya. Abin lura shi ne, lakar da ke kewaye ta danne duk abin da ke cikinta ta shafe shi. Wanda curi ya rufe ne kaɗai ya tsira, don simintin ya kama tun naman bai gama ruɓewa ba. Gawar ce ta gina wa kanta kabari da abin da ya fita daga jikinta.

Masu tara waɗannan duwatsu sun gano guduma ɓarna take yi. Sai su jiƙa dutsen a ruwa, su bar shi ya daskare da sanyi, ya narke, ya sake daskarewa, sau goma, sau ashirin, har wata rana ya buɗe da kansa daidai kan layin da gawar ta kwanta. Ƙanƙara ke buɗe musu dutse. Mu da muke kiran ruwan da ya daskare ƙanƙara, mu kuma kira farin dutsen ƙyastu ƙanƙara, da mun ce ɗan'uwa ne ya rarrashi ɗan'uwansa.

Duk sa'ad da na tuna dodon Tully sai na tuna wata kalmar, ƙulli. Mukan ce wane ya ƙullace ni. Magana ce ɗaya aka faɗa a wurin biki ko wurin rabon gado, mai faɗinta ya mance tun kafin ya sa takalmi, mai jinta ya haɗiye. Ciki ya yi ta yi mata riga. Bayan shekara talatin in aka yi rashin sa'a curin ya fashe, sai ka ji maganar ta fito yadda aka faɗe ta, da muryar, da hararar, da kalar zanin da aka ɗaura ran nan. Duk alherin da ke kewaye da ita lokaci ya danne ya shafe, ita kaɗai ta saura da haƙoranta.

Tsawon lokacin da curi ke ɗauka kuwa, ya danganta da wanda ka tambaya da kuma wane curi. A gaɓar Koekohe ta ƙasar Niyu Zilan akwai duwatsun Moeraki, mulmulallu kamar an auna, wasu faɗinsu ya kai mita 2, bayansu a tsattsage kamar tafkin da ya ƙafe, tsagar kuma wani ma'adini ruwan zuma ya cike ta. Mutanen Mawori sun ce kayan wani jirgin ruwa ne da ya kife, Araiteuru: duma da kwandunan kamun kifi da dankali, suka zama dutse. Da Bahaushe ne ya tsince su, shi ma duma zai ce. An ƙiyasta manyansu sun yi shekara miliyan 4 ko fiye suna girma. A can ƙasan manyan tekuna akwai wasu baƙaƙen curarraki da suka taru a jikin haƙorin kifin shak, waɗanda ba sa ƙara kaurin da ya wuce 'yan milimita a shekara miliyan. Sai ga Hidekazu Yoshida na Jami'ar Nagoya a Japan da abokan aikinsa, a 2015, sun nuna ƙananan curarrakin da ke kewaye da wata katantanwar teku cikin makonni ko watanni suka haɗu, kafin mai ciki ta haihu sun gama. Na fi son wannan labarin, don yana rage wa dutse girman kai. A 2004 ma, da motar bincike ta Opportunity ta sauka a duniyar Mas ta tarar da 'yan ƙwallayen ƙarfe birjik kamar an zubar da wake, masana suka ce to, ruwa ya taɓa bi ta nan. Curi ba ya haɗuwa sai da hannun da ya cura shi.

Duk wannan ciki ɗaya ne, cikin da ke farawa da wani abu a tsakiya ya yi ta girma zuwa waje. Akwai kishiyarsa. Ita da babu take farawa, daga bango take tasowa ta nufi tsakiya, kuma sau da yawa ba ta isa. Turawa na ce mata jiyod, daga kalmar Girkanci mai nufin abu mai kama da ƙasa. Da munin bayanta aka yi mata suna, don a waje ba ta fi hoge ba.

Shekaru kimanin miliyan 134 da suka wuce, Afirka da Kudancin Amurka ƙasa ɗaya ce da ta fara tsagewa. Wannan tsagewar ce ta bar mana kwarin Binuwai, reshen da ya fara buɗewa ya fasa. Can kudu kuwa ƙasa ta yi ta aman narkakken dutse, malala kan malala, har ya rufe kudancin Birazil da arewacin Yurugwai, ragowarsa kuma yana Namibiya a wannan gefen tekun. Narkakken dutse yana da iska a jikinsa. Yana sanyi iskar na neman hanyar fita, wadda ta makara sai dutsen ya daskare da ita a ciki, kamar ramukan da ke cikin burodi ko ƙosai, sai dai nan wani ramin ya isa mutum ya tsaya. Wasu masana na ganin ruwan zafi ne ya buɗe manyan kogunan daga baya. Ko ta yaya aka yi, an sami ɗaki babu ƙofa, babu kowa a ciki.

Sai ruwa ya zo, ba ta ƙofa ba, ta jikin bango, yana tsattsafowa ɗauke da silika, wato abin da aka yi rairayi da gilashi da shi. Farko ya shafe bangon da wata koriyar fata. Sannan ya shiga yi masa daɓe, shafi kan shafi, fari, ruwan toka, shuɗi-shuɗi, kowane da ɗan bambancin abin da ruwan ya ɗauko a wannan zuwan. Wannan shi ne aƙiƙ, dutsen zoben da alhazai ke sayowa. Duk wanda ya tsaya a marinar Ƙofar Mata ya ga yadda ake tsoma zane a fitar, a bar shi ya sha iska, a sake tsomawa, ya san launi mai zurfi ba a zuwa ɗaya yake samuwa ba. Bayan aƙiƙ, in ruwan ya lafa, sai 'ya'yan lu'ulu'u su fara tsirowa a bangon, dubbai, kowane ya nufi inda ya ga dama. Wanda ya karkace sai ya ci karo da maƙwabcinsa ya tsaya nan. Wanda ya miƙe ya fuskanci tsakiyar ɗakin shi ke samun ruwa ya ci gaba. Shi ya sa in an fasa jiyod ake ganin duk tsinin sun juya wuri ɗaya, kamar jama'a sun kewaye mai wasa, alhali filin babu kowa. A garin Ametista do Sul na Birazil da Artigas na Yurugwai, kawunan lu'ulu'un shunayya ne. Ɗan ƙarfe ne kaɗan ya shiga jikinsu, tururin nukiliya da ke fita daga duwatsun kewaye ya yi ta dukansa shekaru aru-aru har ya rine. In aka gasa shi a wuta sai shunin ya gudu ya koma ruwan ɗorawa, kuma 'yan kasuwa na yin hakan su sayar da shi da wani suna.

A nan ne wofin ciki ya nuna aikinsa. Farin ma'adinin da ke cikin jiyod, wanda masana ke kira kwaz, shi ne dai ke cikin dutsen Kufena da na Kwatarkwashi. Amma je ka duba shi a can, ba shi da fuska, ba shi da tsini, ƙwayoyi ne a cushe, kowace ta ɗauki siffar gurbin da maƙwabta suka bar mata. Halinsa ne ya fito da gefe shida da kai mai tsini, amma ba ya nuna wannan halin sai inda babu mai matsa masa. Kuma in ruwa ya ci gaba da zuwa har ɗakin ya cika, tsinin suka haɗu suka cushe, shi ke nan, an sami dunƙulen dutse mai nauyi, babu sauran kallo. Wadda ake sawa a gilashi ana haska mata fitila ita ce wadda ruwa ya yanke wa zuwa aiki bai ƙare ba.

A kusa da garin Keokuk na jihar Ayowa, inda kogin Des Moines ke shiga Misisifi, cikin biyu sun haɗu a dutse ɗaya. Abin da masana da yawa suka tafi a kai shi ne, duwatsun can da curi suka fara, curin wani ma'adini mai saurin narkewa, a lakar wani teku na shekaru miliyan 340. Silika ta zo ta maye bayansa ta yi masa ɓawo, tsakiyar ta narke ta fice, sannan lu'ulu'u ya tsiro a gurbin. Mai ciki ta zama mai kogo, kogon ya sake ɗaukar wani cikin. Jihar ta ɗauki jiyod a matsayin dutsenta a 1967. Mutane na bin rafuka da bokiti suna tsinta, kuma hanyar ganewarsu ita ce ta mai sayen kankana: a ɗaga a ji nauyi, a ƙwanƙwasa, a kaɗa a kunne. Wadda ta fi girmanta sauƙi ita ake so. A Birazil masu haƙa kan huda ɗan rami su zura fitila su leƙa kafin su ɓata wata guda suna sassaƙo ta daga bango. Hausa ta riga ta tanadi sunan wannan sana'a, bugun ciki. Haka muke yi wa baƙo, da mai neman aure, da yaron da ya dawo gida ya yi tsit: a ɗan taɓa nan, a saurara, a taɓa can. Wani sa'in a dace. Wasu duwatsun yankin Keokuk in an fasa su baƙin mai ne ke malalowa, mai kauri kamar kwalta, ya ɓata lu'ulu'un da hannun mai fasawa. Wasu na Birazil da Yurugwai kuma ruwa ne a ciki, ana jin motsinsa in an girgiza.

Akwai zaren da ya ɗauro waɗannan koguna da akwatin kakanninmu. A cikin kayan adon matan da, tare da murjani, akwai dutsen wuya da ake kira tsakiya. Aƙiƙ ne da danginsa. Da can daga Kambay ta Indiya irinsa ke fitowa, ya bi ta Makka da Masar ya iso hannun fatake. A ƙarni na 19 wasu Jamusawa da suka yi ƙaura zuwa kudancin Birazil suka tarar da aƙiƙ zube a can, suka riƙa aika shi gida, garin Idar-Oberstein, inda aka gaji sassaƙar dutse. Can aka yanka, aka rina, aka huda, aka yi lodinsa zuwa kasuwannin Afirka, har da irin abin wuyan da Buzaye ke ratayawa. Furucin tsakiya ta wuya da tsakiyar abu ya ɗan bambanta a baki, amma a takarda ɗaya suke, kuma ni na kasa raba su tun da na san inda dutsen ya kwana kafin ya hau wuyan amarya.

Wani cikin ma har ya isa a shige shi. A 1999 aka gano wata jiyod a tsohon ramin ma'adinai kusa da Pulpí a kudancin Sifen, tsawonta mita 8, bangonta duk allunan jibsin garai-garai kamar ruwan da ya tsaya, wasu sun kai mita 2. Jibsin ɗin nan dai da ake tonowa a ƙasar Sakkwato a kai kamfanin siminti. Tun 2019 ake barin baƙi su sauka su zura kai su leƙa. A wani tsibiri kuma na tafkin Erie a jihar Ohayo, a 1897, wasu ma'aikata suka faɗa wani kogo mai bango na lu'ulu'u fari mai ratsin shuɗi. An kwashe da yawansa an sayar wa masu yin wasan wuta, don ma'adinin yana ba da jan harshe in ya ƙone, kuma kwasar ce ta ƙara wa kogon faɗi har mutane ke tsayawa a ciki. Ma'aikatan nan ba lu'ulu'u suka je nema ba. Rijiya suke haƙa.

Tamu rijiyar ta ba da ruwa a gaba na goma sha ɗaya, mai haƙar ya karɓi haƙƙinsa ya tafi. Dutsen ya kwana uku a ƙarƙashin matashina. Ina kaɗa shi da safe, ina kaɗa shi da dare, ina ƙiyasta abin da ke ciki: zinariya, ko ƙwan maciji, ko ɗan wani aljani da aka ɗaure. Ran na huɗu na faki ido na ɗauko ɗan dutsen niƙa, na tsuguna a bayan rumbu. Bugu biyu ya rabe. Ɓawon ya yi kaurin ɗan yatsa, cikinsa sumul, baƙi-baƙi. Ɗan kuwa wani guntun yumɓu ne rawaya, bai kai gujiya ba, ina taɓa shi ya marmashe ya rina mini yatsu. Na haɗa ɓarin biyu na riƙe gam na kaɗa a kunne. Shiru.

Ban ji tahowarta ba, sai inuwarta na gani a kaina. Ta dubi ɓawon, ta dubi yatsuna.

"A'a, angona, har ka karɓi haihuwar? To, barka. Me aka samu, mace ko namiji?"